Icce Tun Yana Ɗanye Ake Tanƙwara Shi: Abin da Likitocin Jami'ar Jos Suka Gano Game da Ƙafafun 'Ya'yanmu

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata. Mun kawo shi kamar yadda ya karanta shi.)



 

Tun farko muna neman afuwa, don mu ba likita ba ne. Karatunmu na allo ne da na Islamiyya, sauran kuwa a bakin rumfa muka koya. Amma da shugabanni suka ce mu yi magana a kan lafiya, sai muka ga akwai wani abu da ya daɗe yana ci mana rai. Mun sa yaranmu da suka yi boko sun karanto mana shi, sun fassara, mun yi ta tambaya har muka fahimta gwargwado. Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka kauce likitocin da ke cikinmu su gyara mana.

Jama'a, duk wanda ya ratsa Gangare, ko Unguwar Rogo, ko Dilimi, ko Rikkos da hantsi, lokacin da yara ke tafiya makaranta, zai ga abin da muke nufi. A cikin ayarin ba za a rasa yaro ɗaya ko biyu masu gwame ba, gwiwoyi na gugar juna, ko kuma wanda ƙafafunsa suka lanƙwashe waje kamar baka. Yana tafe yana rangaji, 'yan'uwansa sun yi gaba sun bar shi. Mun saba ganin haka har ya daina ba mu mamaki. In an tambaya, sai a ce ai gado ne, kakansa ma haka yake. Wasu su ce an zaunar da shi da wuri, ko goyo ne ya yi yawa. Wasu su ce sanyin Jos ne ya shiga ƙashi. Wasu kuma, Allah ya kiyashe mu, su ɗora wa wata tsohuwar maƙwabciya, zumunci ya lalace a banza.

A gidanmu ma an yi. Wata jikarmu ta kai shekara biyu da rabi ba ta son tsayuwa, in an miƙar da ita sai kuka. An kai ta wurin maɗori ya ɗaure, an yi turare, an yi shafe-shafe, kuɗi sun tafi, ƙafa na nan yadda take. Sai da aka kai ta asibiti aka ɗauki hoton ƙashi sa'an nan muka ji sunan ciwon. Likitoci na ce masa rikets, watau taushin ƙashin yara. Abin da ya ba mu kunya shi ne, ashe maganinsa a garin nan aka tabbatar da shi, shekaru da dama da suka wuce, mutanen wasu ƙasashe na amfana, mu da ke maƙwabtaka da asibitin ba mu da labari.

Ga yadda abin yake. Ƙashin yaro kamar gini ne. Kowa a nan ya san in aka yi bulo da yashi mai yawa, siminti kaɗan, to yana ɗaukar nauyi zai soma ba da kai. Simintin ƙashi shi ne wani sinadari da ake kira kalsiyam, wanda ke cikin madara da nono da ƙashin kifi. Akwai kuma bitamin D, wanda aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam ɗin daga abinci, kamar lebura mai kai wa magini kwaɓi. Shi bitamin D jiki ne ke yin abinsa in rana ta taɓa fata. In ɗaya daga cikin biyun nan ya yi ƙaranci, ƙashi ba ya ƙwari, yaro na soma tsayuwa nauyin jikinsa sai ya lanƙwasa ƙafar.

A ƙasashen Turawa, inda rana ke wuya, tun kusan shekara ɗari da suka wuce aka san cewa rashin bitamin D ke kawo ciwon, haka kuma aka rubuta a littattafan likitanci. Saboda haka ko a nan, in an kawo yaro, bitamin D ake ba shi. To amma sai likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka tsaya suka yi tunani: ƙasar da rana ke dukan mutum tun safe har la'asar, yaya za a ce rashin rana ne ke lanƙwasa ƙafar yara? Dama tun 1978 wani likitan yara na Afirka ta Kudu, Farfesa John Pettifor, ya ga irin wannan a ƙauyukansu, ya ce ƙarancin kalsiyam ne a abinci. Amma ana bukatar gwaji na sosai wanda zai raba gardama.

A nan Jos aka yi gwajin. Dokta Tom Thacher, wanda ya yi shekaru masu yawa yana aiki a asibitin koyarwa, da Dokta Philip Fischer, da Farfesa Christian Isichei, da shi Farfesa Pettifor, da sauran abokan aikinsu, suka ɗauki yara 123 masu ciwon, galibinsu 'yan wajen shekara huɗu, suka kasa su uku. Kashi na farko aka yi musu allurar bitamin D kaɗai. Na biyu aka ba su kalsiyam, miligiram 1,000 kullum. Na uku aka haɗa musu duka biyun. Aka bi su har mako 24, kusan wata shida ke nan, ana gwada jini ana ɗaukar hoton ƙashi.

To ku ji sakamako, don mu 'yan kasuwa da lissafi muke gane magana. Cikin waɗanda aka ba bitamin D kaɗai, kashi 19 cikin 100 ne suka kai ma'aunin warkewa da aka sa. Waɗanda aka haɗa wa biyun, kashi 58. Waɗanda aka ba kalsiyam kaɗai, kashi 61. Da aka auna abincin yaran kuwa, sai aka tarar kalsiyam ɗin da suke samu a yini bai wuce wajen miligiram 200 ba. An buga wannan a 1999 a wata babbar mujallar likitoci ta Amurka mai suna New England Journal of Medicine, wadda likitocin duniya ke ji da ita ƙwarai. Kun ga ashe lebura na nan yana jira, siminti ne babu.

Akwai wani abu a cikin binciken da ya kamata ya tayar mana da hankali. An auna abincin wasu yara 123 sa'o'insu, masu miƙaƙƙun ƙafafu, aka ga su ma wajen miligiram 200 ɗin suke samu. Watau kusan dukan yaran a bakin rami suke, wasu ne dai suka rufta, musamman a gidajen da aka taɓa samun mai ciwon. Nan ne maganar gado ta samo asali. Amma ku lura, 'yan gida ɗaya ai tukunyarsu ma ɗaya ce. Don haka kada wani ya ce tun da ƙafar ɗansa a miƙe take, wannan magana ba tasa ba ce.

Me ya sa abincin namu ya gaza? Mu duba da kanmu. Muddin yaro na shan mama, da sauƙi. Ranar da aka yaye shi, sai koko da safe, tuwon masara ko shinkafa da rana, tuwo da dare, da safe ɗumame. Ciki ya cika, uwa ta ji daɗi, uba ya ce ya sauke nauyi. Alhali masara ba ta da kalsiyam ɗin kirki, kuma masana sun ce akwai wani abu a cikin hatsi da ke riƙe ɗan wanda ke akwai, ya hana hanji tsotsa. In an sayo kifi, sai a ba yaro tsoka a zubar da ƙashi. In an haɗa shayi, ƙullin madara ɗaya ake raba wa mutum biyar, launi kawai ya sauya.

Likitocin ba su tsaya nan ba. Sun san talaka ba kullum yake iya sayen ƙwayar magani ta wata shida ba, sai suka nemi abin da ke kasuwarmu. A wani gwaji da aka buga a 2015, wasu yara an ba su garin busasshen kifi da aka niƙa haɗe da ƙashinsa, giram 20 a yini, abin da bai wuce cikin tafin hannu ba, ana zuba musu a abinci. Wasu kuma aka ba su giram uku da rabi na garin dutsen nan da ake yin siminti da shi, wanda aka tantance. Duka biyun sun warkar da ƙashi, babu wani bambanci mai yawa. A 2014 sun nuna cewa in aka ƙara bitamin D a kan kalsiyam, ƙashi ya fi saurin haɗuwa, don haka ba a yar da shi ba. A 2016 kuma suka gwada yawan da ya dace, suka ga miligiram 1,000 ya fi 500 saurin aiki, amma 2,000 bai ƙara kome a kan 1,000 ba. Yawan magani ba shi ne warkewa ba, kun ji.

A wannan shekara ta 2016 masana daga ƙasashe da yawa, har da Dokta Thacher da Farfesa Pettifor, suka fitar da matsaya guda. Suka ce yaron da ya wuce shekara ɗaya, in abin da yake samu bai kai miligiram 300 a yini ba, yana cikin haɗari, in ya haura 500 ya wadatar. Kofi ɗaya na madara ko nono tsantsa yana ɗauke da kusan 300. Ku ɗora a kan 200 ɗin da yaro ke samu a tuwo da miya, lissafi ya fita. Daɗin daɗawa, ma'aunin da likitoci ke duba hoton ƙashi da shi su ba ciwon maki daga sifiri zuwa goma, da hotunan yaran Jos aka tsara shi a 2000, yanzu kuwa har Amurka da Turai da shi ake aiki in ana gwajin sabon magani.

To yaya uwa za ta gane? Alamun ba ɓoyayyu ba ne. A duba wuyan hannun yaro, in ya yi kauri kamar an sa masa awarwaro a ƙarƙashin fata. A shafa ƙirjinsa, in an ji ƙulu-ƙulu a jere a kan haƙarƙari kamar carbi. Yaro ya yi jinkirin tafiya, ko yana yawan faɗuwa, ko yana kukan ciwon ƙafa in ya ɗan yi nisa. Amma a sani, ɗan lanƙwasar ƙafa kafin shekara biyu abu ne da aka saba gani, sau da yawa yakan miƙe da kansa. Kuma ba kowane gwame ne wannan ciwo ba, akwai na ciwon ƙoda, akwai na gado na ainihi wanda maganinsa dabam ne. Hoton ƙashi da gwajin jini ne ke rabewa. Saboda haka asibiti za a je, kada a tsaya wurin mai kemis ya yi cinke.

Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙaramin yaro in an yi masa magani ƙashi ya yi ƙwari, sau da yawa ƙafar na miƙewa a hankali yayin da yake girma. In an bari ya girma da ita, sai dai aikin tiyata, kowa kuwa ya san kuɗin tiyata a yau. Ga iyayen 'ya'ya mata akwai ƙari. Ciwon ba ƙafa kaɗai yake taɓawa ba, yana iya tsuke ƙashin ƙugu. Yarinya ta girma, a yi mata aure, ranar haihuwa ɗa ya kasa fitowa. Doguwar naƙuda kuwa mun san abin da take jawowa, wanda ya taɓa leƙa sashen masu yoyon fitsari a asibitin Jankwano ba sai an ba shi labari ba. Ba mu ce duk daga nan yake ba, amma ƙofa ce guda da za mu iya rufewa da kofin nono.

Sai gargaɗi, kuma muna roƙon iyaye mata su buɗe kunne. Kada wata ta ji an ce dutse ta je ta ɗebo ta daka. Kanwa ba ita ba ce, farar ƙasar shafe ba ita ba ce. Ƙasar nan tamu ta ma'adinai ce, kakanninmu ma kuza ce ta kawo da yawansu, ba kowane dutse ne ke shiga ciki a zauna lafiya ba. Mu tuna Zamfara a 2010, inda aka riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, gubar dalma ta kashe yara sama da 400.

Wannan ya kawo mu ga bincike na biyu, wanda za mu taɓa a taƙaice ko da yake ya shafi aljihun wasunmu. Su dai waɗannan likitoci sun gwada jinin yara 218 a garin nan, 'yan wata 6 zuwa 35, aka buga a 2000. Kashi 70 cikin 100 dalmar da ke jininsu ta haura iyakar da ake jin tsoro a wancan lokaci. Da aka bi sawu a wani binciken na 2005, cikin abubuwan da aka samu da hannu akwai fentin bango mai ɓarewa, da zama kusa da masu sayar da fetur, don a lokacin ana zuba wa fetur dalma, yanzu an daina. Akwai kuma kwalli irin na dutse mai ƙyalli da muke ranɓaɗa wa jarirai. Dalma ba ta sa zazzaɓi balle a farga. Ƙwaƙwalwa take ci a hankali, yaro ya zo makaranta ya kasa riƙe karatu, malam ya yi ta bulala. Kuma cikin da babu kalsiyam ya fi tsotsar dalma. Ba mu zo hana ado ba, malamanmu na nan, su ne masu bayanin hukunci. Roƙonmu ga 'yan'uwa masu wannan sana'a shi ne su san irin hajar da suke sarowa, iyaye kuma su ɗaga wa idon jariri ƙafa.

Mun san abin da wasu ke rayawa a zuci: bincike, bincike, ba da shi aka cuce mu a Kano ba? Gaskiya ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a cikin wani gwaji na yara wajen 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Ba za mu manta ba. Amma don an taɓa ba ka jabun kuɗi ai ba ka rufe shago, ido kake ƙara buɗewa. Darasin shi ne mu san haƙƙinmu. Ba wanda ya isa ya sa ɗanka a gwaji sai an yi maka bayani da harshen da kake ji, ka yarda, kuma kana da ikon janyewa ran da ka so ba tare da an hana shi magani ba. In ba ka gane takarda ba, kada ka dangwala, kawo ta ƙungiya a karanta maka. Kuma mu yi adalci: a garin nan, a watan Fabrairu na 1970, likita Jeanette Troup ta Jankwano ta rasa ranta wajen binciken zazzaɓin Lassa da ya kwantar da mutanen gari. Cikin masu farar riga akwai na Allah, kamar yadda a kasuwa akwai mai cika mudu da mai tauyewa.

Shugaban taro, don kada magana ta tashi a iska, ga shawarwarinmu.

Na ɗaya, kowane magidanci ya sa nono ko madarar yara a cikin kuɗin cefane, kamar yadda yake sa gishiri. Mu dubi abin da muke kashewa a goro da katin waya da ankon biki, mu ji tsoron Allah. Nonon a tabbata an dafa shi, a kuma nemi kindirmo na gaske, ba tsala da aka cika wa ruwa ba.

Na biyu, iyaye mata su riƙa daka busasshen kifi duk da ƙashinsa, ya yi laushi a tankaɗe, a zuba wa yara a miya ko a fate. Miyar kuka, da zogale, da riɗi, duk suna taimakawa. A kuma bar yara su sha hantsi a tsakar gida, kada tsoron sanyi ya sa a dunƙule su a ɗaki yini guda.

Na uku, malaman Islamiyya da na allo, ku ne ke ganin yaran kullum a jere. In kun ga alama ku kira uban a keɓe ku gaya masa, ku kuma hana yara yi wa ɗan'uwansu suna da ƙafarsa.

Na huɗu, ƙungiya ta ware wani abu daga asusun taimako don kuɗin mota zuwa Lamingo da kuɗin hoton ƙashi ga marayu da marasa hali. Mu 'yan kasuwa mu za mu fara zubawa, yau ɗin nan kafin a tashi.

Na biyar, a rubuta wa asibitin koyarwa takarda a gayyato likitan yara ya zo taronmu na gaba, a yi bayani da Hausa, mata su yi tambaya da bakinsu.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi mana nauyi a zuci. Jami'ar Jos tun 1975 take, shekara hamsin ke nan da ɗoriya, ga ta nan a kan hanyar Bauchi, yaranmu na sayar da rake da lemo a ƙofarta. Mun fi shekara ɗari a garin nan, nan aka binne iyayenmu da kakanninmu. Har yaushe za mu zama mu ne ake aunawa, wasu ke rubutawa? Mu tura 'ya'yanmu, maza da mata, su karanta likitanci da aikin jinya da haɗa magani. Mai hali ya ɗauki nauyin ɗan marar hali. Malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali, kuma 'ya'ya amana ce da za a tambaye mu.

Ita jikar tamu, alhamdu lillahi, bayan wata shida na magani da nono da garin kifi, yanzu sai an yi da gaske ake kamo ta in ta fita ƙofar gida. Muna fatar kowane gida ya ga irin wannan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, ya zaunar da garinmu da jiharmu lafiya tsakaninmu da maƙwabtanmu. Abin da muka faɗa ba daidai ba Allah ya yafe mana, ku ma ku yafe mana.